Amsoshin Tambayoyinku: Wutar neman haihuwa a Indiya

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne, sai mu hanzarta.

Wani bawan Allah daga Kumasi ya ce, wai Hindu yare ne? A'a, Hindu addini ne, yaren kuma Hindi. Ka rubuta ka ajiye.

Sai tambayar da ta zo mana daga Damagaram da Kano da Garwa, kusan baki ɗaya: a finafinan Indiya ana ganin miji da mata zaune gaban wuta, ana zuba wa wutar man shanu, wai haihuwa suke nema. Gaskiya ne ko shirin fim? Wata 'yar'uwa ta ce shekara ashirin tana kallo abin na cin ranta. Haba Hajiya, ai da kin rubuto tun tuni! Malam, bismillah.

Malam: Gaskiya ne. Hadayar wuta mabiya addinin Hindu suna ce mata yajna, ta neman ɗa kuwa Putrakameshti. A littafinsu Ramayana, Sarki Dasharatha na Ayodhya ya manyanta, matansa uku, ba magaji. Aka kirawo wani babban malaminsu, Rishyasringa, ya jagoranci hadayar. Labarin ya ce wata halitta ta fito daga cikin wutar da akushin zinariya cike da kunun shinkafa da madara. Sarki ya raba wa matan, suka haifi maza huɗu, Rama ne babba. Kunun nan har gobe ana damawa, a kudu payasam, a arewa kheer, a sa sukari, wasu har da...

Malam, a bar kunun nan haka! Me ya sa namiji ake nema?

Malam: To, a al'adarsu ɗa namiji, galibi na fari, shi ke kunna wutar ƙona gawar uba, shi ke miƙa curin shinkafa don kakanni. Ga kuma kayan aure, iyayen amarya ke ɗaukar nauyin, duk da an haramta tun 1961. Amma akwai neman mace. Tsohon littafinsu Brihadaranyaka Upanishad ya ce mai son 'ya mai ilimi, shi da matarsa su ci shinkafa dafaffa da riɗi da man shanu.

Kun ji ko? Bari in maimaita: ana neman namiji, ana kuma neman mace, har ma mace mai ilimi. Ni abin da ke sosa min rai shi ne yadda aka koma hoton ciki a asibiti, in an ga mace a zubar. Har sai da Indiya ta haramta faɗin jinsin ɗan tayi a 1994. Duk da haka ƙidayar 2011 ta sami yara mata 919 a kan kowane maza 1,000, a jihar Haryana 834 kacal. Ku kuma magidantanmu masu ɗaure fuska in an ce mace aka haifa, har ragon suna ya ƙanƙance, wallahi ku ji kunya.

Ta ƙarshe daga Abeche: ana yanka dabba a wurin hadayar? Malam, a taƙaice.

Malam: A labarin Dasharatha an fara da hadayar doki. Yau galibi man shanu ne da hatsi da itace.

Madalla. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.