Amsoshin Tambayoyinku: Masu Ƙirga Ciki da Haihuwa a Manyan Gidajen Addini

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Wasiƙu uku muka ware a yau, domin dukkansu sun taru a kan magana ɗaya, wato yadda ake bin diddigin juna biyu da haihuwa a manyan iyalai da suka yi suna ta fuskar addini.

Ta farko daga wata 'yar uwa ce, wadda ta ce ta ji labarin wani iyali a Amurka mai 'ya'ya 19, wanda wasu mutane suka mayar da ƙirga cikin matan gidan tamkar sana'a, tana son ta san su wane ne, kuma me ya jawo haka.

To, 'yar uwa, ga dukkan alamu kina magana ne a kan iyalin Jim Bob Duggar da matarsa Michelle, Kiristoci masu ra'ayin riƙau da ke zaune a jihar Arkansas. Sun yi aure a 1984, suka sami ɗan fari a 1988, auta kuma ta zo a 2009, maza goma da mata tara, har da tagwaye sau biyu, kuma sunan kowane ɗa yana farawa da harafin J. Aƙidarsu ita ce 'ya'ya kyauta ce daga Ubangiji, ba a ƙayyade ta, kuma masu irin wannan fahimta sukan kafa hujja da Zabura ta 127, inda aka kamanta 'ya'ya da kibau a cikin kwari. Tashar talabijin ta TLC ta fara nuna rayuwarsu a jere daga 2008, kuma adadin 'ya'yan yana cikin sunan shirin, ta yadda duk sa'ad da aka sami ƙaruwa sai an sauya sunan, daga 17 zuwa 18 zuwa 19. A nan ne ƙirgar ta samo asali, domin wanda aka koya wa kallon gida ta fuskar lamba, ba zai daina lissafi don an kashe kyamara ba. An dakatar da shirin a 2015 bayan wata badaƙala da ta shafi babban ɗan gidan, amma masu ƙirga ba su dakata ba, sai ma suka koma kan 'ya'ya mata da surukai. Haka ake yi wa iyalin Bates na jihar Tennessee, waɗanda su ma 'ya'yansu 19 ne.

Yadda masu ƙirgar suke yi kuwa ba ɓoyayye ba ne. A ɗauki hoton mace a faɗaɗa shi, a duba ko rigarta ta yi faɗi, ko ta ɗora hannu a mara, ko fuskarta ta cika, ko ta kwana biyu ba a gan ta ba, sannan a koma kan ranar ɗaurin aurenta ko ranar haihuwarta ta baya a yi lissafi. Wannan lissafi ko a hannun likita bai cika zama daidai ba. Ana ƙirga kwana 280, wato mako 40, daga ranar farko ta al'adar mace ta ƙarshe, amma jarirai kaɗan ne ƙwarai, kimanin huɗu ko biyar cikin ɗari, ke zuwa a ranar da aka sa musu, kuma haihuwa tsakanin mako na 37 da na 42 duk a kan lokaci take. Idan mai na'urar hoton ciki kintace yake yi, ina ga mai kallon riga?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da lambar take rufewa. Autar gidan Duggar bakwaini ce, a mako na 25 aka ciro ta saboda hawan jinin masu ciki ya kama uwar, nauyinta bai kai gram 700 ba, kuma ta yi watanni a asibiti. A Nuwamban 2011 aka sanar wa duniya cewa ciki na ɗa na 20 ya samu, a Disamba kuma aka je awo ba a ji bugun zuciya ba. Uwar tana da shekara 45, ta yi makokinta a gaban miliyoyin mutanen da suka riga suka rubuta 20 a lissafinsu. Daga baya, a 2023, ɗaya daga cikin 'ya'yan mata ta fito ta bayyana cewa ba ta so a nuna haihuwarta ta fari a talabijin ba, amma yarjejeniyar da aka sa ta sa wa hannu ta ɗaure ta.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ce. Yana cewa shi bai ga aibun abin ba, tunda al'ummomin addini sun daɗe suna rubuta haihuwa da nasaba, kuma ilmi ya amfana da hakan.

Malam, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabi ne mai nauyi. A zamanin Abbasiyawa, har zuwa na Usmaniyawa, akwai muƙamin naƙibin sharifai, kuma Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa cikin ayyukan naƙibi cewa ya san duk wanda aka haifa a zuriyar, namiji ko mace, ya rubuta shi, ya kuma san wanda ya rasu, domin kada bare ya shiga nasabar, kada kuma ɗan gida ya fita daga cikinta. Kiristocin Amish na Amurka, waɗanda yawansu ke ninkawa kusan duk shekara 20, suna da kundayen iyali, suna kuma da jaridar da ake bugawa a Sugarcreek ta jihar Ohio tun 1890, wadda wakilan kowace al'umma ke aika mata labarin haihuwa da aure da rasuwa. Da irin waɗannan kundaye ne likita Victor McKusick na jami'ar Johns Hopkins ya bi sawun wata cutar gado mai haddasa gajarta da yatsa na shida a cikinsu a shekarun 1960. Su kuwa Kiristocin Hutterite na Kanada da arewacin Amurka, binciken da aka buga a 1953 ya nuna cewa matansu kan haifi 'ya'ya goma a matsakaicin lissafi, har masana ƙidayar jama'a suka ɗauki haihuwarsu a matsayin ma'aunin da ake gwada ta sauran al'ummomi da shi.

Amma ka lura, Malam, da abin da ya haɗa waɗannan misalai duka. Haihuwa aka rubuta, bayan ta auku, kuma 'yan gida ne suka rubuta ko suka ba da izini, don wata maslaha da aka sani, kamar gado da nasaba da lafiya. Naƙibi bai taɓa zama mai leƙen mata don ya gano wadda ta yi ɓatan wata ba. Haihuwa labari ne da iyali ke bayarwa da bakinsu, ciki kuwa sirrin mai shi ne har ranar da ta ga dama ta faɗa. Alƙur'ani ya hana bincike a kan al'amuran mutane a Suratul Hujurat aya ta 12, kuma a Suratur Ra'ad aya ta 8 ya jingina wa Allah sanin abin da kowace mace take ɗauke da shi. A ganina, shaharar uba ko miji ba ta mayar da cikin 'yarsa ko surukarsa abin jama'a, domin shi ne ya hau mumbari ko ya shiga talabijin, ita ba ta hau ba.

Wasiƙa ta uku ita ce na fi daɗewa a kanta. Wata baiwar Allah ce da ta nemi a sakaya sunanta. An aurar da ita a gidan wani babban jagoran addini mai zuriya da mabiya masu yawa, shekara huɗu ke nan, ta yi ɓari sau biyu, kuma ta ce duk taron da ta shiga, idon mata cikinta yake fara sauka kafin fuskarta, har ana lissafa mata 'ya'yan faccalolinta a gabanta. Tana tambaya ko wajibi ne ta riƙa yi wa mutane bayani.

Allah Ya ba ki lafiya, 'yar uwa, Ya mayar miki da alheri. Ba wajibi ba ne, ko kusa. Ki sani kuma cewa ɓari ba baƙon abu ba ne, domin tsakanin goma zuwa ashirin cikin ɗari na cikin da aka tabbatar yakan zube, akasari a watanni uku na farko, kuma mafi yawan lokuta dalilin yana cikin halittar ɗan tayin ne tun farko, ba wani abin da uwar ta yi ko ta bari ba. Mata da yawa da suka yi ɓari sau biyu sun zo sun haihu lafiya daga baya.

Sai dai ki bambanta ɓoyewa daga 'yan sa ido da ɓoyewa daga ma'aikatan lafiya, domin a nan ne mata da yawa ke cutuwa: gudun bakin mutane yakan sa su ƙi zuwa awo har ciki ya tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, na farko kafin mako na 12 ya wuce, ke kuwa da kika yi ɓari sau biyu, ya kamata likita ya duba ki tun kafin wani cikin ya shiga. Ki ajiye ɗan littafi naki na kanki, ki rubuta ranakun al'adarki, da makon da kowane ɓari ya auku, da maganin da aka ba ki, da rukunin jininki, domin wannan ita ce ƙirgar da za ta amfane ki, kuma ita likita zai fara tambaya. Idan Allah Ya kawo haihuwa, kada lissafin faccaloli ya sa ki gaggawa, domin hukumar ta ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin.

Ga maigidanki kuma, idan yana sauraronmu: Malam, kai ne ɗan gida, bakinka ne ake ji. Ka sami mahaifiyarka da 'yan uwanka mata cikin ladabi ka gaya musu cewa maganar ciki a ɗakinka daga bakinka za a ji ta, idan lokaci ya yi, kuma duk mai tambaya ya zo wurinka. Ranar awo kuwa, ka kai ta da kanka.