Daga Ina Littafin Waƙoƙin Coci Ya Fito?

Safiyar Lahadi ce a wata majami'ar Hausa da ke Agege. Mai jagorar sujada ya ce, "Mu buɗe lamba 120." Bai ma ambaci sunan waƙar ba, sai ƙarar shafuka kawai kake ji. Wata baba ta zaro nata daga jaka, bangon ya sha ɗinki da zare, gefen takardun ya yi baƙi don yawan taɓawa. 'Yan'uwa, kun taɓa tambayar me ya sa littafin nan ɗan ƙarami ne, baitoci zalla, kowace waƙa da lambarta?

Amsar tana wurin yara. A 1780 wani mai gidan jarida a Ingila, Robert Raikes, ya fara tara yaran da ke aikin ƙarfi kwana shida a mako, yana koya musu karatu ran Lahadi. Yaro kuwa ya fi saurin haddace abin da aka rera masa. Dama tun 1715 Isaac Watts ya buga waƙoƙin yara. Da makarantun Lahadi suka bazu har Amurka, sai masu ɗab'i suka ga kasuwa ta buɗe: littafi mai araha, wanda za a saya da yawa a raba aji guda.

Nan fa aka shiga neman marubuta ruwa a jallo. Fanny Crosby, makauniya ce tun tana jaririya, ta rubuta waƙoƙi sama da 8,000. Yawansu ya sa ta riƙa fakewa da sunayen aro, don kada mai saye ya ga suna ɗaya ya cika littafi. Shi kuma Ira Sankey, mawaƙin da ke rakiyar mai wa'azi Moody, ya fara da 'yar ƙasida a 1873, daga baya ta kumbura ta kai waƙoƙi 1,200. Mai kaɗa molo ko ɗan ƙungiyar mawaƙan coci ya sayi babban bugu mai alamun kiɗa, sauran jama'a su sayi na baitoci kawai.

Yanzu mu dawo Legas. Tashar CMS da kwandasta ke kira kullum sunan ƙungiyar mishan ce, wadda ta buɗe kantin littattafai a nan a 1869. A gaɓar tekun nan kuma mutum uku na farko na wata ƙungiyar mishan, SIM (Sudan Interior Mission), suka sauka a 1893, da niyyar shiga Arewa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, waƙoƙin da aka juya daga Turanci kuma suka taru a Littafin Waƙoƙi, wanda yau ake lodo daga Jos a kawo mana Kudu.

Gaskiya juyin bai zo da sauƙi ba. Hausa tana da gaɓa doguwa da gajera, tana da hawa da saukar murya, amon Bature kuwa bai san da wannan ba. Shi ya sa wani baitin sai ka ji an ja kalma inda ba a janta a magana. Yarabawa sun sha wannan matsala, har Rabaran J. J. Ransome-Kuti ya tsara waƙoƙi da amon gida, aka sa su a ƙarshen littafinsu na 1923.

Mu namu amon gidan yana bakin Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci. In an rufe littafi, suka ɗauko tulu da ganga, yawancin abin da za su rera ba shi da lamba.