Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana: Laburare da Binciken Lafiya

Wannan lacca an rubuto ta ne daga muryar da aka naɗa a wani zama na ma'aikatan laburare da na asibiti a Kaduna.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan uwa ma'aikata, barkanmu da warhaka.

Zan fara da jijjiga, ciwon nan da ke kama mai ciki idan jininta ya hau. A 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban gwaji mai suna Magpie, wanda aka yi a kan mata kusan 10,000 a ƙasashe 33. Abin da aka gano shi ne, allurar magnesium sulphate tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Magani ne mai araha. To amma a wancan lokaci mujallar da ke ɗauke da labarin ta fi ƙarfin aljihun asibitocinmu, don da dala ake biyan kuɗinta duk shekara. Matan da suka fi mutuwa da wannan ciwo namu ne, amma likitocinsu ne suka fi nisa da takardar.

A farkon shekarar nan ta 2002 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida, cikinsu har da Elsevier da Springer. Yarjejeniyar ita ce, cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta mujallun ta intanet, wasu kyauta, wasu a kan ɗan kuɗi kaɗan a shekara. Daga baya aka ƙara na noma da na muhalli da sauransu, aka haɗe su a inuwa ɗaya mai suna Research4Life. Ga kuma PubMed na Amurka, rumbun neman takardun binciken lafiya a intanet, wanda tun 1997 kowa ke bincike a cikinsa ba ko kwabo. Ga AJOL, inda ake tara mujallun Afirka, har da namu na Najeriya.

Rijiya dai ta bayar. Tambayata ita ce, ina guga?

Ku lura, Hinari ba a yi wa mutum ɗaya rajista. Cibiya ake yi wa: jami'a, asibitin koyarwa, makarantar jinya, cibiyar bincike. Kuma sau da yawa ma'aikacin laburare ne ake damƙa wa kalmar sirrin shiga. Nan ne nauyin ya faɗo a kanmu. Idan kalmar nan ta kwanta a durowa, ko tana hannun wanda ya yi ritaya, to mu ne muka tare hanya. Ina faɗin haka da ciwon rai, don aikina ke nan.

Kuma Kaduna ba ta rasa masu buƙata ba. Ga asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga cibiyar ido ta ƙasa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ga cibiyar binciken ciwon barci da sammore, ga asibitin koyarwa na Shika can Zariya. Kowanne cike yake da mutanen da ke da tambaya a kan mara lafiyar da ke gabansu.

Nas ɗin da ta kwana tana aiki ba za ta zo ta zauna a laburare ba, kuma ba laifinta ba ne. Mu ne za mu je. A ba mu minti goma a taron safe na likitoci. Mu koya wa ɗalibi yadda ake tace bincike, ya bar ɗaukar duk abin da ya fara fitowa, ya nemi irin nazarin Cochrane da ke tattara gwaje-gwaje masu yawa ya auna su wuri guda. Mu nuna masa mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tantancewa ba. Sun cinye wa matasan malamai kuɗi da mutunci.

Na ji wani a baya yana cewa wuta da data. Gaskiyarka, Malam. Shi ya sa nake roƙon shugabannin da ke zaune a nan: kafin sabon fenti, a sa wa laburare sola da intanet mai ƙarfi, a kuma saka kuɗin a kasafin kowace shekara.

Ungozomar da ke ƙaramin asibiti a Birnin Gwari ko Kachiya kuwa, cibiyarta da wuya ta samu rajista. Ita sai mun taƙaita mata sakamakon da Hausa, likita ya duba ya tabbatar, sannan a tura mata ta waya.

Gobe da safe kowa ya duba ko cibiyarsa na da rajista, da kuma wanda ke riƙe da kalmar. Yanzu sai tambayoyi. Hajiya, bismillah.