Kiɗan da Gidajen Rediyo Suka Goya, Suka Kuma Sauke

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina da ke kujerun gaba, abokan aiki, da ku ɗalibai da kuka cika bayan ɗakin nan, barkanmu da yamma.

Bari in fara kawar da wani ruɗani. Idan aka ce firistayil a gaban matasanmu masu hip-hop, abin da ke zuwa musu a rai shi ne a miƙa wa yaro makirfo ya riƙa zubo baiti nan take ba tare da ya rubuta ba. Wanda zan yi magana a kansa yau shi ma firistayil ake ce masa, amma daban ne. Wani kiɗan rawa ne da ya tashi a Amurka a farkon shekarun 1980, a unguwannin talakawan Niyok, musamman Buronks, a hannun 'ya'yan mutanen Puwato Riko da jikokin Italiyawa, sannan ya yi reshe mai ƙarfi a Miyami inda 'yan asalin Kyuba suke da yawa. Har gobe akwai masu yin sababbin waƙoƙinsa. Amma kusan babu babban gidan rediyon da zai saka su, alhali tsofaffin waƙoƙin suna nan ana jin su. Dalilin hakan nake so mu bi tare, domin wanda ya fahimce shi ya fahimci yadda rediyon kasuwa yake aiki.

Ga yadda kiɗan yake, don waɗanda ba su taɓa ji ba. Gangarsa ta na'ura ce, galibi wata akwatin kiɗa ta kamfanin Roland na Japan mai suna TR-808. Bugun yana da sauri, yana tsalle-tsalle, yana da gishirin kiɗan Latin. A samansa kuma sai muryar budurwa ko saurayi, da Turanci, ana kukan soyayya: ka yaudare ni, ka tafi ka bar ni, ka dawo. Ƙafa tana rawa, zuciya tana kuka. Tushensa waƙar Planet Rock ce ta Afrika Bambaataa da ta fito a 1982, wadda ta nuna abin da wannan akwati za ta iya. A 1983 sai Shannon ta fitar da Let the Music Play, ta ɗora waƙar soyayya a kan irin wannan bugun, ta shiga sahun goma na farko a jadawalin mujallar Billboard. Mafi yawan masu bin tarihin kiɗan daga nan suke fara ƙirga.

To, ta wace ƙofa waɗannan yara suka shiga rediyo? Nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Akwai tsani, kuma matakansa ba su da nisa da juna. Ƙaramin kamfani zai buga faifan garmaho mai faɗin inci 12, ya raba wa masu juya faifai a gidajen rawa. Akwai wani gidan rawa a Buronks, Devil's Nest, da Sal Abbatiello ya buɗe, inda Little Louie Vega yake juya faifai yana matashi. A irin waɗannan wurare ake gwada waƙa a kan mutane masu jini a jika. Idan fili ya cika, an san waƙa ta kama. Wasu daga cikin masu juya faifan nan su ne ake ba awa ɗaya ko biyu a rediyo daren Juma'a da Asabar su haɗa kiɗa yadda suka ga dama. Da safe yara su dame gidan rediyo da waya suna neman a maimaita, su kuma je shagon faifai na unguwa suna tambaya. Shugaban shirye-shirye yana zaune a garin, yana jin wayar, wataƙila ma ya leƙa gidan rawar da kansa. Sai ya ce a saka ta cikin jerin rana. Shi ke nan, yarinyar da ba ta da kowa ta zama tauraruwa.

A 1986 aka samu tashoshi da suka gina kansu kacokan a kan wannan tsani: Power 106 a Los Anjelas, Power 96 a Miyami, da Hot 103 a Niyok, wadda ta koma Hot 97 a 1988. Masu su ba don ƙaunar kiɗan suka yi ba. Sun lura ne cewa akwai ɗimbin matasan Latino, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, a manyan birane da ba wanda ke yi musu hidima da Turanci, kuma masu talla suna son kuɗinsu. A wannan zamani ne Lisa Lisa da ƙungiyar Cult Jam suka hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard har sau biyu a 1987, ƙungiyar Exposé ta Miyami ta hau a 1988, Stevie B ya hau a ƙarshen 1990. Amma ku lura da wani abu: waƙoƙin da suka kai Exposé da Stevie B can ƙololuwa masu sanyi ne, ba na rawa ba. Tun ana ganiyar abin, ƙasar Amurka gaba ɗaya ta fi karɓar mawaƙan idan sun sassauta bugun. Ainihin kiɗan na wasu birane ne ƙalilan.

Daga 1991 aka fara zare matakan tsanin ɗaya bayan ɗaya. A da, Billboard tana dogara ne da abin da masu shaguna da gidajen rediyo suka faɗa mata. A shekarar ta koma amfani da na'urar SoundScan da ke ƙirga kowane faifai da aka sayar a kan kanta, da wata na'urar da ke sauraron tashoshi tana ƙirga sau nawa aka saka kowace waƙa. Da alƙaluma suka fito, sai aka ga rap da kiɗan kantiri na mutanen karkarar Amurka suna da kasuwar da ta wuce yadda ake zato. Masu tashoshi suka bi kuɗi. Tsakanin 1992 da 1993 Hot 97, uwar da ta goya firistayil a Niyok, ta juya ta zama gidan hip-hop, kuma Power 106 ma hanyar da ta bi ke nan.

Sai babbar guguwa, dokar sadarwa ta 1996 da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu. Kafin ita, kamfani ɗaya ba ya wuce tashoshi 40 a faɗin ƙasar. Dokar ta cire wannan iyaka, ta kuma yarda kamfani ya riƙe har tashoshi 8 a babban birni guda. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara tashoshi wajen 1,200. An sayi tashoshin nan da bashi mai nauyi, kuma mai bashi a wuya ba ya caca. Aka rage ma'aikata, aka taƙaita jerin waƙoƙi, aka mayar da yanke shawara hannun mutane kaɗan da ke duba birane da yawa a lokaci guda. Kiɗan da ƙarfinsa yake a Niyok da Miyami da Filadelfiya da Shikago da wasu garuruwan Kalifoniya da Teksas, me zai faɗa wa mutumin da ke neman waƙar da za ta yi aiki ko'ina?

Yanzu ku zo mu ga yadda ake zaɓen waƙa a irin wannan gida. Ana gwaji ne. A tara masu sauraro, ko a kira su, a saka musu 'yan daƙiƙoƙi na amshin waƙa, a ce su ba ta maki: ka san ta? kana son ta? ta gundure ka? Ɗan Adam kuwa abin da ya sani shi yake ba maki. Tsohuwar waƙar 1987 za ta ci wannan jarrabawa cikin sauƙi, domin matar da aka tambaya, da wannan waƙar aka yi rawar bikinta. Sabuwar waƙa ta mawaƙiyar da ta yi waccan, ko ta fi tsohuwar kyau, ba a san ta ba, sai ta faɗi. Ba za a saka ta ba sai an san ta, ba kuma za a san ta ba sai an saka ta. Daga 2007 abin ya ƙara tsanani, lokacin da kamfanin Arbitron ya fara raba wa mutane wata 'yar na'ura da suke ratayawa, tana rubuta tashar da kunnensu ke ji minti bayan minti. Yanzu shugaban shirye-shirye yana iya ganin daidai inda mutane suka murɗa suka bar shi, kuma sau da yawa wurin baƙuwar waƙa ne.

Manyan kamfanonin faifai suna da hanyar tsallake wannan shinge, wato kuɗi. Suna da ma'aikata da dillalai da aikinsu kawai bin tashoshi. Biyan kuɗi a ɓoye don a saka waƙa laifi ne a dokar Amurka tun 1960, amma bai mutu ba. A 2005 babban lauyan jihar Niyok, Eliot Spitzer, ya binciki lamarin, har kamfanin Sony BMG ya amince ya biya dala miliyan 10. A 2007 manyan kamfanonin rediyo huɗu suka biya hukumar sadarwa ta ƙasar dala miliyan 12.5. Ko an cire haram ɗin ma, halal ɗin kansa tsada gare shi. Mawaƙin firistayil na yau, wanda shi ne kamfanin kansa, shi ke biyan situdiyo daga aljihunsa, ina zai samo abin shiga wannan kasuwa?

Akwai kuma matsalar rumbu. Rediyon Amurka a rumbu-rumbu yake, kowace tasha da irin hatsin da take zubawa. Tashar sababbin waƙoƙin matasa za ta ce wannan sautin iyayenmu ne. Tashar Sifaniyanci za ta ce ai da Turanci kuke yi, ga shi kuma tun wajen 2004 reggaeton, wani kiɗan rawa da ake rerawa da Sifaniyanci, ya zama muryar matasan Latino, ya gaje gurbin da firistayil ya taɓa riƙewa. Tashar tsofaffin waƙoƙi ita ce ke maraba da sunan mawaƙin, amma alkawarin da ta yi wa masu sauraronta shi ne ba za su ji abin da ba su sani ba. Abin da ya rage shi ne shiri na musamman a ƙarshen mako. Judy Torres, ɗaya daga cikin manyan muryoyin kiɗan, ta shafe shekaru tana gabatar da irin wannan shiri ranar Lahadi a tashar WKTU ta Niyok. Aiki ne mai daraja, ina jinjina mata. Sai dai waƙa ba ta kama gari da ji ɗaya a mako. Tana bukatar a ji ta da safe a mota, a ji ta da rana a shago, a sake ji da dare. Ku ƙara da lissafin shekaru. Masu talla sun fi zawarcin 'yan shekara 18 zuwa 34, da kuma 25 zuwa 54. Wanda yake da shekara 17 a 1987, a 1970 aka haife shi. Ku yi lissafin da kanku.

Ba zan ɗora wa rediyo laifin duka ba, don ba adalci ba ne. A farkon shekarun 1990 an cika kasuwa da waƙoƙi masu kama da juna, bugu ɗaya, kuka ɗaya, wasu muryoyin ma ba su nuna ba aka fito da su. Masu yin sabo a yau kuma suna tsaka mai wuya. Idan suka riƙe tsohon sauti, rediyo ya ce ya tsufa. Idan suka sabunta shi, masoyan asali su ce wannan ba namu ba ne. Kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne halin masoyan kansu. Ana shirya manyan bukukuwa a Amurka, a jero mawaƙa goma ko fiye, dubban mutane su sayi tikiti. Kowane mawaƙi zai fito ya yi waƙoƙinsa biyu ko uku da aka sani, ya sauka. Jama'a sun zo neman ƙuruciyarsu ne, kuma ban ga laifin mai kewar ƙuruciya ba. Amma mawaƙin da ya shafe shekara 30 yana maimaita abin da ya yi yana ɗan 19, alhali yana da sabon abin faɗa, ni dai ina jin zafin hakan a raina.

Na yi aikin haɗa shirye-shirye, na san nauyin kujerar nan. Na san yadda yaro zai kawo maka waƙarsa, ka saurara ka ji tana da kyau, amma ka tuna mai tallan da ya sayi rabin awar, sai ka saka wadda ka tabbata ba wanda zai murɗa. Kowane ɗayanku da zai shiga wannan aiki zai tsinci kansa a wannan matsayi.

Wani zai ce ai ga intanet. Gaskiya ne, akwai tashoshin intanet da ba abin da suke sakawa sai firistayil, tsoho da sabo, kuma mawaƙa suna sayar da waƙoƙinsu kai tsaye. Sai dai wanda ya riga ya san kiɗan ne yake zuwa can da ƙafarsa. Abin da rediyo yake yi a 1986 shi ne ya kai waƙa kunnen wanda bai nema ba, yarinya tana wanke-wanke, direba yana cikin cunkoso.

Inda na ga abin ya ɗauki wata hanya shi ne Burazil. Faya-fayan Miyami, na firistayil da na kiɗan bas, sun isa wuraren rawar unguwannin talakawan Riyo a shekarun 1980. Matasan can ba su tsaya ga saurare ba. A 1989 DJ Marlboro ya fitar da kundin Funk Brasil da harshen Fotugis, kuma daga wannan yunƙuri aka samu reshe mai taushi na soyayya da suke kira funk melody, wanda jininsa na firistayil ne. Yara suka sa harshensu da labarin unguwarsu, masu juya faifai na gida suka kai shi rediyo, ya ci gaba da haihuwa yana sauya kama. Shi ya sa Stevie B ya daɗe yana zuwa Burazil yana tara jama'a.

Shugaba, na ga an miƙo mini takardar lokaci. Zan dakata a nan, a ba ɗaliban baya dama su fara tambaya.