Hanyar keke zalla: abin da mutanen Ardennes suka yi da tsohon layin dogo da bakin kogi

Wannan lacca ce da aka gabatar a wani zauren taro a Samaru, Zariya, an rubuto ta daga rikodin waya kamar yadda aka faɗe ta.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, malamai, iyaye mata da ke can gefe, da ku samari da kuka cika baya, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri. Na baya kuna jina dai ko? To madalla.

Maganar keke za mu yi yau, keke mai feda da kaca irin wanda kakanninmu suka je kasuwa da shi, da kuma irin hanyar da ta dace da shi. Zan ɗan kai ku Turai tukuna sannan mu dawo gida.

Akwai wani yanki da ake kira Ardennes, yawancinsa yana kudancin Beljiyam ne, ya shiga Luksambok da arewacin Faransa, ta gabas kuma ya jingina da Jamus. Daji ne da tuddai. Ba wai manyan duwatsu ba ne fa, wurin da ya fi ko'ina tsayi a duk Beljiyam mita 694 ne daga saman teku, Jos ma ta fi shi nesa ba kusa ba, amma abin da ya sa ƙasar ta yi wuyar bi shi ne koguna, Meuse da Semois da Ourthe da Amblève, sun yanka ƙasar sun yi kwaruruka masu zurfi, to duk titin da zai ratsa sai ya gangara ya hau, ya sake gangarawa ya sake hawa. Shi ya sa a nan ake yin tseren keken nan na Liège zuwa Bastogne a dawo Liège, wanda aka fara tun 1892, yanzu yana wuce kilomita 250 a yini ɗaya, sai ƙwararru. Toh amma a wannan ƙasar dai, ita ɗin dai, za ka ga tsohuwa da jikanta suna tafiyar kilomita 30 a kan keke suna hira ba wanda yake haki, kuma ba mota ko ɗaya da ta gifta su. Ta yaya? Abin da na zo mu duba ke nan.

Ba su fasa dutse sun yi sabuwar hanya ba jama'a. Tsofaffin hanyoyi iri biyu suka waiwaya, waɗanda masu su suka bari.

Na farko layin dogo. Duk wanda ya taso a Sabon Gari kusa da tasha ya san jirgin ƙasa ba ya son hawa, saboda ƙafar ƙarfe ce a kan ƙarfe, in hawan ya yi yawa sai ta dinga sulɓi, don haka injiniyoyin da suka shimfiɗa layi dole su bi ƙasa a hankali, inda akwai kwari su cike ko su yi gada, inda akwai tudu su yanka ko su huda shi. Wannan wahalar an riga an sha ta shekara ɗari da wani abu da suka wuce, an biya kuɗinta. Da jirgi ya daina bi sai aka cire ƙarafan aka zuba kwalta, shi ke nan an sami hanyar keke wadda hawanta ba ya karya gwiwa.

Babban misali shi ne Vennbahn. Kilomita 125 ce, ta tashi daga Aachen a Jamus ta ratsa gabashin Beljiyam ta ƙare a Troisvierges a Luksambok. Jamusawa ne suka gina layin a shekarun 1880, yana ɗaukar gawayin kwal da tama tsakanin ma'adinai da masana'antun ƙarfe. A mafi yawan hanyar in ka yi tafiyar mita 100 hawan da ka yi bai wuce mita 2 ko 3 ba, ƙafarka ma da ƙyar take sanin ana hawa. Kuma akwai wani abin tarihi, bayan yaƙin duniya na farko, da yarjejeniyar Versailles ta 1919, an ba Beljiyam layin da tashoshinsa har inda ya bi ta cikin ƙasar Jamus, don haka har yau akwai inda kake kan keke taya tana ƙasar Beljiyam, gonar da ke damanka Jamus ce, ta hagunka ma Jamus. Ba shinge ba ɗan sanda. Wasu tsofaffin tashoshin an mai da su wurin shan shayi da hutawa, za ka tarar da kekuna jingine a inda a da fasinjoji suke jiran jirgi.

Kusa da ƙarshenta wajen iyakar Luksambok akwai tsohon ramin da jirgi yake bi ta cikin tudu, ba a bar masu keke su shiga ba saboda jemagu sun mai da shi gida kuma doka ta kare su, sai aka zagaya da hanyar ta saman tudun. Wallahi a wannan ɗan guntun ne mutum zai gane darajar aikin injiniyoyin da, don kana barin shimfiɗar layin cinyarka za ta gaya maka, sai ka nemi ƙaramar giya ko ka sauka ka tura.

Na biyu bakin kogi. Kafin zuwan inji dawakai ne suke jan jiragen kaya a kogin Meuse, doki yana tafiya a gaɓa igiya tana jan jirgi a ruwa, to dole a yi wa dokin turba a miƙe ba hawa ba gangara, tana bin kogi duk inda ya karkata. Ita ce Faransawa suka gyara suka sa mata kwalta daga Charleville-Mézières zuwa Givet, kilomita 80 da 'yan kai, aka buɗe a 2008, daga baya aka ƙara ta ta kudu. Tana wucewa ta Monthermé inda Semois yake shiga Meuse, da Revin da Fumay, kogi a gefe ɗaya, tudu cike da itatuwa a ɗaya gefen. Gaskiya ta fi titin mota tsawo don kogin yana yawan lanƙwasa, amma mai keke ya gwammace nisa a kan hawa.

A ɓangaren Beljiyam kuma gwamnatin yankin Wallonie ta haɗa duk irin waɗannan ta yi musu tsari ɗaya a 1995, ana ce masa RAVeL, yau ya wuce kilomita 1,400. Mai keke, mai tafiya a ƙasa, mai keken guragu, wani wurin har mai doki, duk nasu ne. Abin da nake so ku riƙe a nan ba kwaltar ba ce. A bakin hanyar inda ta haɗu da titi za ka ga ɗan turke ko shingen ƙarfe, tsayinsa bai kai ƙugu ba, keke ya wuce mota ba ta wucewa, da allo da ya faɗi waɗanda aka yarda su shiga. Wannan turken da dokar da ke bayansa su ne hanyar. In ka cire su ko da kwalta ta fi madubi sheƙi ba uwar da za ta saki ɗanta a kai.

Yanzu mu dawo Zariya. Mu nan ba a koya mana hawan keke. Ku tsaya a Kwangila da sassafe ku gani, dattijo ya ɗauro ɗaurin rake a kariya ya fi faɗin kafaɗarsa, tirela ta matso shi ta dama, ɗan acaɓa ya kutso ta hagu, shi kuma yana bin bakin kwalta inda ta gutsire, taya ɗaya a yashi, ga yaran makaranta biyu a keke ɗaya a bayansa. Wannan mutumin yana biyan haraji kamar mai mota amma ba a taɓa auna masa ko taku biyu na titi an ce nasa ne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Abin yana ci min rai ƙwarai, don da yawa sun ajiye keke ne ba don sun ƙi shi ba, tsoro ne, kuma ga kuɗin mota yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Kuma mu ma muna da irin abin da Ardennes take da shi. Matasa da yawa ba su san cewa daga nan Zariya an taɓa yin ƙaramin layin dogo zuwa Jos ba, Turawa suka gina shi saboda kuza, ya isa Rahama a 1912 ya kai Bukuru a 1914, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Jengre, aka rufe shi a 1957 bayan babban layi ya riga ya isa Jos ta Kafanchan. Ku duba, layi ne da aka auna don ɗan ƙaramin jirgi ya hau daga nan zuwa tudun da ya kai wajen mita 1,200. Ban ce gobe a tashi a kwalta shi ba, shekara kusan 70 ba wasa ba ce, ƙasa ta shiga hannun mutane kuma manomi yana da haƙƙinsa. Amma ɗalibanmu na safiyo da na tsara birane za su iya bin sawunsa su zana mana abin da ya rage, wannan aikin digiri ne mai amfani.

Abin da ya fi kusa shi ne Kubanni. Kogi ne da ya ratsa ta Samaru ya gangara ta tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ya je ya faɗa Galma, wato ya bi daidai inda jama'a suka fi zirga-zirga. A yi turba mai faɗin mita 3 a saman gaɓa inda ambaliya ba ta kai wa, a zauna da masu lambu da masu unguwanni a daidaita tun farko, a sa kwalbati inda ruwa ke bi don damina ba ta yafiya, a dasa darbejiya da mangwaro saboda ranar Maris da Afrilu, su can sanyi ne matsalarsu mu rana ce. A fara da kilomita 2 ko 3 a ga yadda za ta kaya.

Na'am, Baba, ina jin ka. Baba yana tambaya ne wa zai hana 'yan acaɓa shiga. Ranka ya daɗe tambayar ke nan, don turken da ya tare mota ba zai tare babur ba, duk inda keke ya wuce babur zai wuce. Su ma 'ya'yanmu ne abinci suke nema, ba da sanda za a fara ba, da shugabannin ƙungiyarsu za a zauna, a yi musu wurin tsayawa a kowace mashiga su ɗauki fasinjan da ya fito, sannan a ba masu faci da masu shayi rumfa a bakin mashigar, mutumin da abincinsa yake kan hanyar shi ne zai fi kowa tsare ta. Wannan kuma ya taɓa tambayar da wata Hajiya ta rubuto a kan tsaron masu bin hanyar, shi ya sa na ce a fara daga cikin gari inda akwai idon mutane da fitila, maganar daji da Kufena da hanyar Soba sai abubuwa sun daidaita in Allah ya yarda.

An ɗaga min hannu cewa la'asar ta yi. Ɗaliban da ke son aikin bin sawun layin su same ni a ƙofa bayan salla mu rubuta sunaye. Wassalamu alaikum warahmatullah.