Me Ya Sa Ɗan Leƙen Asirin Ayari Ba Ya Zare Takobi?

[Hoto: ayari yana ratsa daji, ƙura ta turnuƙe]

Kun san wannan wurin. Ko a wasan kwamfuta, ko a fim ɗin almara, ko a littafin yaƙi irin wanda ake karantawa a waya, sai kun ci karo da shi. Ayarin fatake ya shiga dokar daji, 'yan fashi sun gangaro daga kan tsauni, wataƙila har da matsafi a bayansu yana hura hayaƙi. Kowa ya zare makami. Shi kuwa gogan da aka ce sarki ne ya turo shi a asirce ya tsare ayarin, wanda tun farkon labari aka nuna mana yana kayar da ƙarti goma, sai ga shi a bayan jaki ya dafe kai yana salati.

Tambayar da ake ta jefo mana ke nan. Matsoraci ne? Da shi aka haɗa baki? Ko marubucin ne ya manta da shi? Babu ko ɗaya. Aikinsa yake yi. Inda ake samun ruɗani shi ne ana ɗaukarsa a matsayin mai gadi da ya sake kaya, alhali sana'ar daban ce.

Sauran labarin ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai wani abu a cikin kayan da sarki ba ya so ya ɓata, wasiƙa ce, ko dutsen tsafi da aka cusa cikin buhun kanwa. An zaɓi mutum, an ba shi sabon suna, an ce bi su. Shi ke nan, mu wuce.

[Taswira: Kano zuwa Salaga]

Don a gane aikin, sai an ga ayari na gaske, kuma mu ba sai mun je aro a wata ƙasa ba. Layin nan da kuke gani hanyar Gwanja ce. Daga Kano zuwa Salaga a arewacin Ghana ta yau, sama da kilomita 1,000, a ƙafa da jaki. A zamanin da, akan tafi da kanwa da tufafin rini da fatu, a komo da goro. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. A 1826 wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya iske irin wannan ayari a Kayama, ƙasar Bargu, yana dawowa daga Gwanja. Ya ce mutanen ciki, maza da mata, sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da mashaya. Madugu yana baya yana lura kada a bar kowa. Uban dawaki shi ke tara abin da za a biya sarakunan hanya da masu fito. Akwai malami, shi ke duba ranar tashi, shi ke rubutu. Fataken kansu kuwa ba hannu rabbana suke tafiya ba, akwai kwari da baka, akwai masu, akwai takubba.

To ku lissafa. Mutum dubu da makamansu. In ka ƙara takobi ɗaya, komai kaifinsa, me ka ƙara?

Yanzu ku koma ɓangaren ɗan fashi. Ayari irin wannan in ya miƙe a kan turba ɗaya, na gaba ba ya jin ihun na baya. Ɗan fashi ba ya neman ya yaƙi kowa. Yana so ne ya yanki wani ɓangare, ya kora jakuna ashirin cikin daji kafin labari ya kai wa madugu. Amma sai ya san ranar da za a tashi, da mashigin da za a bi, da kuma jakunan da suka cancanci wahala. In bai san waɗannan ba, zai kwana uku cikin sauro ya tashi da buhun dusa. Wannan sanin kuwa ba a daji ake samunsa ba.

[Hoto: zango da la'asar]

A nan ake samunsa. Kuma nan za mu daɗe.

Fatake sukan tashi da asuba su sauka kafin rana ta yi musu yawa. Zango yana bayan gari. Kan ka ce kwabo an kafa 'yan bukkoki, an sauke mangaloli, an dabaibaye jakuna. Sai gari ya kwararo. Mata da ƙwaryar fura da tuwo, masu ciyawa, masu itace, dillalai, maroƙa, yara 'yan kallo. In daga Gwanja ake dawowa, abin ya fi haka tonuwa, domin goro ba ya son a manta da shi. Dole lokaci-lokaci a kwance huhu, a tsince wanda sankara ta ci, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Dukiyar mutum tana shimfiɗe a ƙasa, kowa yana wucewa yana ƙirgawa da ido.

Ku dubi wannan saurayin mai fara'a da ya zo taya wani dattijo ɗaurin kaya. "Sannu da hanya, Baba. Kai, wannan jaki ya sha kaya. Gobe ne tashin ko sai jibi? Ta mashigin sama za ku bi? Ai na ƙasa ruwa ya cinye shi." Baba ya ji daɗin an kula da shi, ya amsa duka. To harin da za ku gani bayan kwana biyu, da takubba da ihu, a wannan hirar aka gama shi.

Wannan ma mai sauƙi ne, baƙo ne, ana iya korarsa. Mai wuyar shi ne na ciki, domin da ɗan gari kan ci gari. Yaron wani falke da bashi ya yi wa katutu. Ɗan dako da aka ci wa mutunci a gaban jama'a. Kowane zango aka sauka sai ya ce zai zaga, ya bar alama a gindin wata tsamiya. Wannan bakin da ke yoyo shi aka turo mutuminmu ya gano, kuma takobi ba ya gano shi. Sai kunne, da haƙuri, da zama inda ake hira ba a ɗauke ka a bakin komai ba.

Saboda haka duk abin da ya mallaka a wannan tafiya shi ne rainin da ake yi masa. Ranar da aka daina raina shi, aiki ya ƙare.

A nan nake faɗa da masu zana jaruman wasanni. Baƙar alkyabba har ƙasa, tabo a kunci, ingarman doki, ya koma gefe shi kaɗai yana wasa wuƙa ba ya kula kowa. Haba jama'a. Wannan ko yaron da ke tallan fura ya san akwai magana.

Balle ma shiga ayari ba kamar shiga mota a tasha ba ne. Manyan fataken goro na wancan zamani, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun san juna, suna auratayya, wani ma daga zanen fuskarsa za a gaya maka gidansu. Alhassan Ɗantata daga cikin Agalawa ya fito. Baƙo in ya zo, tambayar farko ita ce yaron wa ne, wa ya tsaya masa.

[Hoto: zanen René Caillié da rawani]

Ga wanda ya ci wannan jarrabawar da gaske, ko da yake shi ba tsaron kowa ya je ba, gari ya je gani. René Caillié, Bafaranshe, ya shiga Timbuktu a watan Afrilu na 1828 bayan ya biyo ayarin fatake daga yamma. Kafin ya tashi sai da ya zauna watanni cikin Larabawan Brakna, a Muritaniya ta yau, yana koyon harshe da salla. Sannan ya shirya labarinsa: shi haifaffen Iskandariya ne ta Masar, Faransawa suka ɗauke shi yana ƙarami, yanzu yana neman hanyar gida. Ku lura da wayon. Labarin bai ɓoye aibinsa ba, bayani ya yi masa. Me ya sa fatarka haka? Me ya sa Larabcinka ya karye? Amsa tana ciki tun kafin a tambaya. Ya tafi a matsayin talaka, yana ɓoye rubutunsa. Gordon Laing kuwa, matafiyi ɗan Birtaniya wanda ya riga shi isa a 1826 kowa ya san Bature ne, an sassare shi a hanya tun kafin ya kai, aka kashe shi jim kaɗan bayan ya baro garin.

To wace sana'a ta dace da namu? Ni dai in ni ke rubutawa, wanzami zan mai da shi. Ya shiga bukkar madugu da safe, da yamma yana kan ɗan dako. Mutum in aska tana kansa ba ya motsi, sai surutu. Zabirarsa cike take da ƙarafa masu kaifi, babu mai tambaya. Kuma in ya bi ayari daga gari zuwa gari neman abinci, wa zai yi mamaki? Mai korar jakuna ma ba laifi, sai dai shi an ɗaure shi wuri ɗaya, wutsiyar jaki zai yi ta kallo har Salaga.

Ba mu da hoton abin da zan faɗa yanzu, don haka ku ci gaba da kallon jakunan. Nizamul Mulk, wazirin daular Saljuƙawa da ta mulki ƙasar Farisa, ya rubuta wa sarkinsa shawara cewa a riƙa baza 'yan leƙen asiri cikin shigar fatake da matafiya da sufaye da masu sayar da magani. A 1092, yana kan hanyar tafiya, wani ya matso kusa da shi cikin shigar sufi ya daɓa masa wuƙa. Dabarar ba ta da uban gida.

Na san abin da wani zai ce. Duniyar almara ce fa, a ba shi layar zana mana, ya ɓace ya ji komai. To ya ɓace. Wa zai yi hira da wanda ba a gani? Mai laya yana jin abin da aka faɗa ne kawai, wanzami kuwa shi ke sa a faɗa. Ga sawu a kan rairayi babu mai shi, ga tuwo yana raguwa a akushi, ga jakuna suna ta harbin iska. Kwana biyu malamin ayari zai tara jama'a a yi addu'ar korar aljani. Kuma a duniyar da ake da laya, su ma 'yan fashin suna da bokansu.

[Hoto: a koma harin farko, a hankali]

Yanzu mu sake kallon wurin da ya jawo gardama. Ku ƙirga maharan. Ba su da yawa. Sun taɓa tsakiya, sun ja da baya da wuri, ba su ɗauki abin kirki ba. Wannan gwaji ne. Suna so su ga wa zai ruga ya kare wane jaki, kuma wa ya iya faɗa fiye da yadda rigarsa ta nuna. In wanzami ya tashi ya sare mutum biyar cikin ƙiftawar ido, ya ceci buhu biyu, ya kuma sanar da na ciki abu biyu: akwai mutumin sarki a ayarin, kuma ga shi can. Daren nan za a sa masa wani abu a fura.

Ku tsayar da hoton nan. Ku dubi idonsa. Kansa yana ƙasa, amma ba maharan yake kallo ba, 'yan ayarin yake kallo. Kowa ya firgita ya dubi inda ihu ya fito, ban da mutum ɗaya da ya riga ya matsar da jakinsa gefe tun kafin kibiyar farko. Abin da ya sunkuya yana nema ke nan.

Akwai ɗaci a ciki, kuma labari mai kyau ba ya ɓoye shi. Wataƙila wani ya ji rauni a gabansa, yana da ikon hanawa bai hana ba. Marubucin da ya bar shi ya yi barci lafiya a daren nan ya cuce mu.

Shin madugu ya san shi? A ganina dole mutum ɗaya ya sani, kuma madugu ne, don shi kaɗai ke iya sauya ranar tashi ba a tambaye shi dalili ba. In babu wannan, ko ya gano maci amanar, wa zai saurari wanzami? Amma su biyun ba sa keɓewa. A gaban mutane ma gara madugu ya riƙa yi masa tsawa kan ya yanke shi a ƙeya. Maganarsu duk a lokacin aski take.

Zargi kuma ba hujja ba ne, sai an tabbatar. Ana gab da kogin Kwara, wurin da ya fi ko'ina haɗari, domin fito yana raba ayari biyu, rabi a wannan gaɓa rabi a waccan, jiragen kuma ba sa ɗaukar kowa a lokaci ɗaya. Mutum uku ake zargi. Wanzami ya yi wa kowannensu aski, ya rage murya kamar mai tsegumi. Na farko ya ji cewa ta Ilo za a haye. Na biyu ya ji Yawuri. Na uku ya ji Busa. Sai jagaba ya tura yaransa su leƙo inda aka ga sabon sawun dawaki da tokar wutar da ba ta fatake ba.

An gan su a hanyar Busa.

Babu wanda ya zare komai. Madugu ya sa a tashi cikin dare ba tare da an buga ganga ba, aka nufi wani mashigin. Na ukun ma ba a ce masa uffan ba, har da ba shi aikin tsare jakunan ƙarshe. Da gari ya waye ana ta fito, jirgi yana zuwa yana dawowa, har aka kwashe jakunan da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ƙarshe ya zo, uban dawaki ya ƙirga kuɗin mutum shida ya miƙa wa mai fito, alhali su bakwai ne a gaɓar.