Yaron da ya ce 52 a ɗebe 38 saura 26

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma muna tare mu uku, ni da Malama mai koyar da lissafi a firamare, da Malam mai horar da malamai. Malama, ɗazu kin fara ba mu labarin wani ɗalibinki na ce ki ajiye mana sai mun kunna na'ura. Bismillah.

Malama: To. Na ba su aikin ɗebewa, 52 a ɗebe 38. Amsa 14 ce. Yaron nan ya rubuta 26. Na ja masa jan biro. Washegari haka, jibi haka, har na sa shi a sahun waɗanda muke cewa ba sa ja. Wata rana dai na jawo kujera kusa da shi, na ce yi min da baki ina ji. Sai ya ce, "Ba a cire 8 daga 2, to a cire 2 daga 8, saura 6. A cire 3 daga 5, saura 2." Ga 26 ɗinsa.

Mai gabatarwa: Ikon Allah! Ashe ba cinta yake yi ba.

Malama: Ko kaɗan. Ƙa'ida gare shi, yana bin ta sau da ƙafa. Aro daga gidan goma ne bai zauna masa ba. Na kawo tsinkaye ɗauri goma-goma, na ce ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ƙara a kan biyun. Kunya ta kama ni, don makonni na yi ina gyara amsa ban taɓa tambayar hanya ba.

Malam: Kuma fa na gefensa zai iya rubuta 26 ɗin nan don kwafa ya yi, na bayansu kuma allon ne ba ya gani da kyau, tabarau yake buƙata. Biro ɗaya muke ja musu, alhali kowa da inda ke masa ciwo.

Mai gabatarwa: Malam, bari in tsaya wa malamai. Mai yara sittin a gabansa, yaushe zai jawo kujera sittin?

Malam: Tambayar ta daɗe. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya wallafa cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai ya zarce kusan kashi 98 cikin ɗari na waɗanda aka koyar a aji yadda aka saba. Binciken da ya biyo baya ya nuna ratar ba ta kai haka ba, amma tana nan. Shi kansa Bloom ya san ba ƙasar da za ta iya ba kowane yaro malaminsa, shi ya sa ya kira abin matsala. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta samo wata dabara: a gwada kowane yaro na 'yan mintuna, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko yana karanta labari. Sai a raba su bisa matakin da suke, ba bisa shekaru ko aji ba, na wani ɗan lokaci a rana. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna tsarin suka ga yana aiki.

Malama: Ni rabon nan yana ba ni tsoro, Malam. Da zarar an ce ga rukunin masu rauni, suna ya bi yaro ke nan har ya bar makarantar.

Malam: Kina da gaskiya, idan rukunin ya zama gida. A tsarinsu ana sake gwaji a kai a kai, yaro ya tashi ya koma gaba. Batun suna kuwa, a 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka fitar da abin da suka gani a wata firamare a California. Sun gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a bana, alhali zaɓen kan mai uwa da wabi suka yi. A ƙarshen shekara yaran nan sun fi ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. An yi ta jayayya kan girman tasirin, amma duk wanda ya riƙe alli ya san wanda kake sa wa rai shi kake jira ya gama tunani, wanda ka cire wa rai kuwa kafin ya buɗe baki ka wuce.

Mai gabatarwa: To zancen da ake yi cewa wannan da ido yake koyo, wancan da kunne?

Malam: Wani laƙabin ne. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi binciken da aka yi a kai, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da yaro ta "salonsa" na ƙara masa fahimta ba.

Malama: Har yabo ma sai da lura. Na daina cewa "kai haziƙi ne". Carol Dweck da Claudia Mueller sun nuna a 1998 cewa yaran da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya, don kada sunan ya zube. Yanzu cewa nake, "Na ga yadda ka sake gwadawa ta wata hanya."

Mai gabatarwa: Lokaci na hararar mu. Malama, ina aka kwana da mai 26?

Malama: Ya gane aro, har ya zarce. Aka ba shi 58 a ɗebe 32, ba a buƙatar aro, sai da ya ara! Wannan kuma wani mako guda ya ci mana.

Mai gabatarwa: Kai, yaron nan! Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.